UWA CE MALAMA TA FARKO: Darasi Daga Rayuwar Margarita, Mahaifiyar Waliyyi Yohanna Bosko



Duk ranar da aka kawo jariri majami'a domin baftisma, kafin a zuba masa ruwa mukan tambayi iyayensa ko sun gane nauyin da suke ɗauka na rainonsa cikin bangaskiya. Su kuma sukan amsa cewa sun gane. Daga nan a yi biki, a ci a sha, baƙi su watse. Washegari kuwa wa ake bari da jaririn? Uwa ake bari da shi, ita da goyo da wanki da tashin dare. A hannunta ne alkawarin nan da aka yi a gaban bagade zai cika ko ya tashi a banza. Saboda haka muka ga ya kamata darasinmu na wannan karo ya tsaya a kan aikin uwa na yau da kullum tare da ƙananan 'ya'yanta, aikin da ba a biyan albashi a kansa, ba a kuma cika yaba wa mai yinsa ba.

ABIN DA IKILISIYA TA KOYAR

Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya bayyana cewa iyaye su ne malamai na farko kuma mafi muhimmanci ga 'ya'yansu, tun da yake ta wurinsu ne Allah ya ba yaran rai. Taron ya kuma kira iyali ƙaramar ikilisiya ta cikin gida. A 1981 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙara jaddada wannan koyarwa a cikin wasiƙarsa game da iyalin Kirista, inda ya nuna cewa wannan hakki ne da ba wanda zai iya karɓe wa iyaye, su ma ba su da ikon sauke shi gaba ɗaya a kan wani. Ma'ana, malamin makaranta da katekis da Fada mataimaka ne, amma masu aikin na ainihi suna gida.

Littafi Mai Tsarki ma ya ba mu misali. Da Manzo Bulus yake yaba wa bangaskiyar Timoti, sai ya koma baya ya ambaci kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, ya kuma tuna masa cewa tun yana ƙaramin yaro ya san Nassosi. Wato kafin Timoti ya haɗu da babban manzo, mata biyu sun riga sun gama aza harsashi.

Amma koyarwa takan fi shiga zuciya idan an gan ta a jikin mutum. Don haka bari mu duba rayuwar wata uwa manomiya wadda ba ta taɓa shiga aji ba.

WACE CE MARGARITA?

An haifi Margarita Okiyena a 1788 a wani ƙauye mai suna Kafiriliyo, a yankin Fiyemonte na arewacin Italiya. A 1812 ta auri wani manomi, Faransisko Bosko, wanda matarsa ta fari ta rasu ta bar masa ɗa mai suna Antoniyo. Margarita ta haifa masa 'ya'ya maza biyu: Yusufu a 1813, da Yohanna a watan Agusta na 1815. A watan Mayu na 1817 ciwon huhu ya kama Faransisko, cikin 'yan kwanaki ya rasu. Margarita tana da shekara 29, Yohanna kuwa bai cika shekara biyu ba. Aka bar ta da yara uku da tsohuwar surukarta mara lafiya, a cikin wani ɗan gida a ƙauyen Bekki.

Lokacin kuma lokacin yunwa ne. Amfanin gona ya lalace a ƙasashen Turai da yawa a 1816, hatsi ya yi tsada, a wasu wuraren ma ko da kuɗi a hannu ba a samunsa. Yohanna ya ba da labari daga baya cewa akwai ranar da abinci ya ƙare ƙaf a gidan. Mahaifiyarsa ta tara su suka durƙusa suka yi gajeriyar addu'a, sa'an nan ta tashi ta nufi garke tare da wani maƙwabci aka yanka ɗan maraƙin da suke kiwo, suka ci suka rayu. Ta yi addu'a, ta kuma tashi ta yi abin da ya wajaba. An nemi aurenta bayan haka, aka ce za a samo wa yaran mai riƙo, ta ƙi, domin ba ta yarda ta rabu da su ba.

Wace gwauruwa ce a cikinmu ba ta san irin wannan dare ba? Margarita ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubutu ba. Duk da haka ɗanta Yohanna ya zama Fada a 1841, ya kafa ƙungiyar Salesiya wadda take rainon matasa a ƙasashe da yawa har da Nijeriya, aka kuma ayyana shi waliyyi a 1934. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa abin da ya koyar da dubban yara, a wurin mahaifiyarsa ya fara ganinsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

YADDA TA YI RAINON 'YA'YANTA

Na farko, ta koya musu sanin Allah a tsakiyar aikin yau da kullum. Katekisim ɗin da ta haddace tun tana yarinya shi ta riƙa koya musu da ka. Idan dare ya yi taurari suka fito, takan nuna musu sama ta gaya musu wanda ya yi su. Idan girbi ya yi kyau su yi godiya tare. Idan ƙanƙara ta lalata inabi, ta koya musu yadda ake karɓar hasara ba tare da saɓo ba. Kullum tana tuna musu cewa Allah yana ganinsu ko ita ba ta nan. Ita ce ta shirya Yohanna domin furta zunubansa karo na farko, ta raka shi majami'a, ita kuma ta shirya shi karɓar Jikin Almasihu a lokacin Ista na 1826.

Na biyu, ta saba musu da aiki tun suna ƙanana, kowa daidai ƙarfinsa: ɗebo itace, ɗebo ruwa, shara, kiwon saniya. Ba ta bar talauci ya zama dalilin zaman kashe wando ba.

Na uku, horonta ya haɗa tsanani da tausayi. Masu rubuta tarihinta sun ce akwai tsumagiya a kusurwar ɗakinta, amma ba ta taɓa dukan yaran da ita ba. Wata rana tana kasuwa, Yohanna, yana da kimanin shekara takwas, ya hau kujera zai ɗauko wani abu, ya ture tulun mai ya fashe. Mai kuwa abu ne mai tsada a gidan talaka. Yaron ya yi ƙoƙarin gogewa ya kasa. Sai ya je ya yanko reshe, ya fere shi da kyau, ya tari mahaifiyarsa a hanya, ya gaya mata abin da ya yi, ya miƙa mata sandar. Ta dubi sandar ta dubi yaron, ta yi murmushi ta yafe masa saboda ya faɗi gaskiya, amma ba ta bar shi haka ba: ta nuna masa cewa rashin duba abin da ke gabansa kafin ya miƙa hannu shi ya jawo ɓarnar. Mu lura da kyau. Yaron da yake tsoron mahaifiyarsa kamar damisa da ya ɓoye fasassun tulun ya ɗora wa kyanwa laifi. Wannan kuwa ya zo da laifinsa a hannu, domin ya san inda zai kai shi.

Na huɗu, tana sauraron 'ya'yanta. Da Yohanna ya yi wani mafarki yana da shekara tara, ya faɗa a wurin cin abinci, 'yan'uwansa suka yi masa ba'a, kakarsa ta ce kada a kula da mafarki. Mahaifiyarsa ce kaɗai ta ɗauki maganar da nauyi, ta ce wa ya sani ko zai zama Fada. Haka kuma da ya koyi wasannin dabo da tafiya a kan igiya domin ya tara yaran ƙauye ya maimaita musu wa'azin da ya ji a majami'a, ba ta hana shi ba.

Na biyar, ta koya musu karɓar baƙo. Duk da talaucinta, mabarata da matafiya sun san ƙofarta, ba a rasa ɗan miya da wurin kwana.

Kada mu ɗauka gidan nan babu rigima. Antoniyo, ɗan mijinta, ya tsani ganin Yohanna da littafi, yana cewa manomi ba ruwansa da karatu. Rikicin ya yi zafi har ya zama dole Margarita ta tura Yohanna, yana da kimanin shekara 12, ya je ya yi aikin barantaka a gonar wasu mutane domin a sami zaman lafiya. Ba ta kori Antoniyo ba, ba ta kuma kashe burin Yohanna ba. Ta yi haƙuri har lokacin da aka raba gado kowa ya kama gabansa, Yohanna ya koma makaranta. Matan da suke riƙon 'ya'yan miji sun san nauyin irin wannan hukunci.

A watan Nuwamba na 1846, tana da shekara 58, lokacin da ya kamata ta huta a cikin jikokinta, ɗanta ya roƙe ta ta bi shi birnin Turin domin ta zama uwa ga yaran titi da yake tarawa. Ta tafi, ta yi shekara goma tana dafa musu abinci, tana ɗinke musu tsummoki. Akwai ranar da yaran suka tattake lambunta suna wasan yaƙi, ta gaji ta ce za ta koma ƙauye. Ɗanta bai ce komai ba, sai ya nuna mata gicciyen da yake rataye a bango. Ta share hawaye ta koma bakin aiki, ta zauna har rasuwarta a watan Nuwamba na 1856. A 2006 Ikilisiya ta tabbatar cewa ta yi rayuwar nagarta ta jaruntaka, wanda mataki ne a kan hanyar ayyana mutum waliyyi.

DARASI DOMIN GIDAJENMU

Italiya ta wancan zamani tana da nisa da mu, amma murhu da gona da kukan yaro iri ɗaya ne ko'ina. Masana lafiyar yara sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi saurin girma a shekarun farko, har kafin yaro ya kai shekara shida ta kusan kai girman ta babba. Kakanninmu sun riga sun faɗa da nasu harshe: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, ta yaya uwa za ta yi amfani da yininta?

Da safe. Kafin yaro ya sa komai a baki, uwa ta kama hannunsa ta koya masa alamar gicciye. Yaro ɗan shekara biyu ba zai iya doguwar addu'a ba, kada a tilasta masa. Jimla ɗaya ta godiya ta isa. Daga nan a koya masa gaisuwa: ya je ya gai da mahaifinsa da kakarsa da sauran manyan gida yadda al'ada ta tanada. Yaron da ya saba da durƙusa wa manya ba zai sha wuyar durƙusa wa Mahaliccinsa ba.

A wurin aiki. Uwaye da yawa sukan ce mana, "Fada, ina na ga lokacin koyar da yaro, ga daka, ga girki, ga gona, ga kasuwa?" Amsarmu ita ce, aikin nan shi ne ajin. Idan kina tsince wake, ba shi nasa ɗan kaso ya ƙirga: ɗaya, biyu, uku. Idan kina ɓare gyaɗa, ya ware manya da ƙanana. A kan hanyar rijiya ki faɗa masa sunayen itatuwa, ga kuka, ga ɗorawa, ga tsamiya, da amfanin kowanne. Jaririn da yake goye ma yana ji. Ki riƙa yi masa magana da waƙa, domin daga bakinki yake tara kalmomin da zai yi magana da su. Ku yi wa yara magana da harshenku na gado tare da Hausa. Yaro yana iya ɗaukar harshe biyu ko uku ba tare da ya rikice ba, Turanci kuma zai same shi a makaranta. Aiki kuwa a raba shi tsakanin maza da mata: ɗa namiji ma ya koyi shara da wanke kwano. Sai dai a kiyaye, koya wa yaro aiki daban yake da ɗora masa tallan da zai hana shi makaranta ko ya jefa shi cikin haɗari.

A wurin wasa. Kada mu ɗauki wasa a matsayin ɓata lokaci. Yarinyar da take goya 'yartsana tana dafa tuwon ƙasa tana koyon kula da wani. Yaron da yake ƙera mota da karan dawa ko gwangwani yana koyon tunani da haƙuri. Langa da carafke da gaɗa suna ƙarfafa jiki, suna koya wa yaro jiran layinsa da karɓar kaye ba tare da faɗa ba. Ba sai an sayi kayan wasa masu tsada ba. Abin da yaro yake so shi ne mahaifiyarsa ta tsaya ko na ɗan lokaci ta dubi abin da ya ƙera, ta tambaye shi yadda ya yi shi.

Game da waya da talabijin. A gidaje da yawa yanzu, da yaro ya fara kuka sai a miƙa masa waya domin a huta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Waya tana iya sa yaro ya yi shiru, amma ba ta amsa masa in ya yi gwaranci, ba ta kuma gane lokacin da ya tsorata. Mu manya ma mu binciki kanmu: sau nawa yaro yake yi mana magana idonmu yana kan waya?

Game da lafiya. Kula da jikin yaro yana cikin aikin da Allah ya ba iyaye. A ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba ya bukata, sa'an nan a fara ba shi kunu da sauran abinci mai gina jiki ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu. A kai shi rigakafi tun daga haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, da kuma allurar ƙyanda a wata tara, a adana katin. Yara su kwana cikin gidan sauro. Idan gudawa ta kama yaro, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a kuma kai shi asibiti in bai daina ba. Zazzaɓi mai zafi ko jijjiga ba abin jira ba ne. Mu tuna da Margarita: ta durƙusa ta yi addu'a, sa'an nan ta tashi.

Game da horo. Yaro yana bukatar iyaka, kuma uwar da ba ta taɓa cewa "a'a" ba tana cutar ɗanta. Amma mu bambanta ɓarnar ganganci da ta kuskure. Kada a hukunta yaro cikin zafin rai. A bari zuciya ta huce tukuna. Idan ya faɗi gaskiya a sassauta masa, domin in gaskiya ta jawo masa bulala gobe ƙarya zai yi. Fiye da kome, uwaye, ku tsare bakinku. Kalmomi irin su "ɗan banza" da "ba za ka yi albarka ba" sukan zauna a zuciyar yaro bayan tabon bulala ya warke. Mun sha zama da manyan mutane masu furfura waɗanda har yau suna ɗauke da wata kalma da aka jefe su da ita suna ƙanana. Bakin uwa a sa albarka aka yi shi.

Da dare. Bayan an ci tuwo, a tara yara a tabarma. A yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a yi kacici-kacici, a ba su labarin Yusufu da 'yan'uwansa ko na Dawuda da Goliyat, a bar su su yi tambaya. A tambayi kowa abin da ya faranta masa rai yau da abin da ya ɓata masa. In an yi faɗa a shirya kafin a kwanta. A rufe da addu'a, ko da goma ɗaya ce ta Rosari, uwa ko uba su sa wa kowane yaro alamar gicciye a goshi. A gidajen Salesiya har yau akwai al'adar faɗa wa yara 'yar gajeriyar kalma kafin barci, kuma sun ce daga Margarita ta samo asali, daren da ta shimfiɗa wa maraya na farko da suka karɓa wurin kwana a 1847.

KALMA GA MAZA DA JAMA'A

Margarita ta yi aikin ita kaɗai domin mutuwa ce ta raba ta da mijinta. Abin baƙin ciki ne a ga mace tana rayuwar gwauruwa alhali mijinta yana da rai, yana can wurin shan burkutu ko majalisar hira har dare ya raba. Ya ku maza, ba da kuɗin cefane bai sauke muku nauyi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku ɗauki yaro ku ba mahaifiyarsa sararin hutawa, ku zauna a wurin addu'ar dare, kada kuma ku wulakanta ta a gaban 'ya'yanta, domin yaron da ya ga ana rena mahaifiyarsa ba zai ji maganarta ba.

Ga Zumuntar Mata Katolika kuma, muna roƙo ku sa ido a kan gwauraye da mata masu haihuwar fari da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Idan kun ga mai jego ta yi shiru, ba ta cin abinci, ba ta barci, tana kuka ba dalili, kada ku ce ragwanci ne. Ciwo ne da yakan sami mata bayan haihuwa, yana kuma da magani. Ku ziyarce ta, ku raka ta asibiti. Mu kuma a majami'a kada mu harari uwa don jaririnta ya yi kuka a lokacin Mas. Ubangijinmu da kansa ya tsawata wa almajiransa sa'ad da suka hana a kawo masa yara.

Ke kuma uwa da kike ganin kin gaza, wataƙila kin yi iyakar ƙoƙarinki amma ɗanki ya bauɗe, ki tuna da Waliyyiya Monika, 'yar Afirka ta Arewa, wadda ta yi shekaru tana kuka da addu'a saboda ɗanta Agustin, har ta ga an yi masa baftisma a 387, shekarar da ta rasu. Abin da kika shuka bai mutu ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Wace addu'a ko wane hali muka koya daga iyayenmu mata wanda har yau muke riƙe da shi? Mun miƙa shi ga namu 'ya'yan?
2. Idan yaro ya yi ɓarna a gidanmu, zai zo ya faɗa ko zai ɓoye? Me ya sa?
3. Wane lokaci ne a rana dukan iyalinmu suke zama wuri ɗaya ba tare da waya ko talabijin ba?
4. Wace uwa ce a unguwarmu take ɗauke da kaya ita kaɗai, kuma me za mu yi mata a wannan mako?

Mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, kai da ka danƙa Ɗanka a hannun Budurwa Maryamu domin ta raine shi a Nazarat, ka dubi uwayen da suke cikinmu. Ka ba su ƙarfi a lokacin gajiya, ka ba su abin da za su ciyar da 'ya'yansu, ka sa su ga amfanin wahalarsu. Muna roƙo ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.